Ranar da Zuma Ta Zube wa Auta

A gida Yaya ake ce mata don ita ce babba, kuma sunan ya bi ta har ofis, inda waɗanda suka girme ta ma da shi suke kiranta. Aikinta kuwa ba wanda ya taɓa gane kansa a gidan. In aka tambayi Inna, mahaifiyarsu, sai ta ce, "Aikin guba take yi a kwamfuta," ta bar mai tambaya da sakakken baki. Ƙaninta Auta shi kuma bokanya yake ce mata, wai tana yin duba ba tare da ta ga mara lafiya ba.

Bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Masana'antu sukan kawo wa ofishinsu sababbin sinadarai waɗanda ba a taɓa gwada ƙarfin dafinsu ba. A da sai an ɗura wa ɓeraye an ga nawa za su mutu. Yanzu Yaya takan zana siffar sinadarin a kwamfuta, wata manhaja ta kwatanta shi da dubban 'yan'uwansa da aka riga aka gwada, ta ƙiyasta yawan da zai kwantar da mutum in ya haɗiya, ko ya shaƙa, ko ya taɓa fatarsa. Aiki ne na zama da natsuwa a ɗaki mai sanyi, kuma ba a taɓa sa ta yin sa a guje ba.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, wayarta ta yi ƙara da baƙuwar lamba. Tana ɗauka ta ji muryar Auta yana dariya.

"Yaya, yau ƙaninki ya yi wanka da zuma."

"Wace zuma kuma? Wayar wa ka ɗauka?"

"Ta nas ce. Tawa an ƙulle ta a leda tare da kayana, wai duk sun jiƙe. Ina asibiti, amma don Allah kada ki gaya wa Inna. Lafiyata ƙalau."

Auta yana aiki a wata masana'anta da ke haɗa rini da fenti a bayan gari. Zuma kuwa suna ne da ma'aikata suka laƙaba wa wani sabon sinadari mai kauri da aka fara kawo musu kwanan nan, saboda launinsa. Da safen nan Dogo, mai tuƙa motar ɗaga kaya, ya zo ɗaukar duro guda, sai ƙarfen motar ya huda gindinsa. Auta na tsaye kusa, abin ya feso masa tun daga ƙirji har ƙafa. Dogo ya diro ya toshe hujin da hannu, shi ma ya samu rabonsa. An watsa musu ruwa, an canja musu kaya, an kawo su asibiti.

"Ga Likita," in ji Auta. "Na ce masa yayata bokanyar sinadarai ce, ya ce in haɗa ku."

Da jin muryar Likita ka san layi na jiransa a ƙofa. Ya ce takardar da ta zo tare da duron ba ta taimaka masa da komai ba, don a gurbin illarsa ga jiki an rubuta babu bayani. Ya duba su duka biyun, numfashi daidai, bugun zuciya daidai, sai ɗan raɗaɗi a fata.

"Malama, in kina da abin gaya mini, ki gaya mini. In babu, ina bukatar gadajen nan."

"Ka ɗan ba ni lokaci, Likita."

Ta kira mai haɗa sinadarai na masana'antar, ya turo mata hoton siffar abin a waya: zobe biyu manne da juna, da wani ɗan reshe a gefen ɗayan. Ta shiga zana shi a kwamfuta. Sai da ta goge ta sake.

Manhaja biyu suke amfani da su a ofishin, tsohuwa mai saurin ba da amsa da sabuwa mai nawa. Ta sa wa dukansu. Kafin ta gyara zama tsohuwar ta amsa da launin kore, alamar rukunin masu sauƙin illa. Yaya ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta danna lambar nas ɗin.

"Likita, ta farko ta sa shi cikin masu sauƙi. Amma ta biyu ba ta gama ba, ka jira ni tukuna."

A bayansa wata mata na ihu tana kiran a zo a duba ɗanta. "To madalla, na gode," ya ce, ya kashe.

Ta tashi ta ɗebo ruwa, ta tsaya ta amsa gaisuwar wata abokiyar aiki, har ta ba ta labarin wautar Auta suka yi dariya. Da ta dawo kujerarta sabuwar manhajar ta gama, kuma ja ta nuna.

Ta karanta gargaɗin da ke ƙasan amsar, ta sake karantawa. Ɗan reshen nan na gefe shi ne matsalar. Sinadaran da ke da irinsa suna ratsa fata cikin sauƙi, in sun shiga jiki kuma sukan ɓata jini ya kasa ɗaukar iskar da mutum ya shaƙa. Abin ba ya nunawa nan take. Mutum na iya tashi ya yi tafiyarsa, ya yi hira, ya ci abinci, sai can daga baya ya fara shiɗewa alhali yana numfashi.

Kofin ruwan ya kuɓuce mata. Ta bar shi a ƙasa ta nufi ofishin Oga, shugaban sashensu, ba ta ko ƙwanƙwasa ba.

Oga dattijo ne da ba ya gaggawa ko a cin abinci. Ya biyo ta, ya zauna a kujerarta, ya gyara tabarau, ya buɗe sinadaran da tsohuwar manhajar ta yi kwatance da su. Duk suna da zoben nan biyu, amma ba ko ɗaya mai reshen.

"Kin gani," ya ce. "Ta nemo masa dangin uba, ta manta da na uwa."

Ya buɗe na sabuwar. Waɗannan suna da reshen, sai dai 'yan kaɗan ne, kuma manhajar da kanta ta rubuta cewa tabbacinta tsaka-tsaki ne.

"Ba wadda zan dafa in rantse a kanta," in ji Oga.

"Yallaɓai, ƙanina ne."

"Na sani. Kira likitan yanzu, ki faɗa masa mafi munin, ki kuma faɗa masa ƙiyasi ne. Ni zan zauna in bi dangin nan ɗaya bayan ɗaya."

Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake kira, ta sake. Daga ƙarshe nas ta ɗauka ta kai wa Likita.

"Kada ka sallame su," in ji Yaya. "Ta biyu ta saɓa wa ta farko. Mai yiwuwa abin jini yake taɓawa, kuma yana jinkiri."

Likita ya ce, "Ƙaninki ya tafi tun ɗazu, Malama. Ɗayan ne ke zaune a benci yana jiran ɗan'uwansa ya zo ya ɗauke shi."

"Don Allah je ka duba shi. Harshe, da dasashi, da farce. Ina kan layi."

Ta ji takun takalminsa, ta ji yana cewa, "Bawan Allah, buɗe bakinka." Ta ji Dogo yana cewa kansa ne kawai ke sarawa. Sai Likita ya ɗaga murya yana kiran a kawo gado da tukunyar iska. Yaya ta manna wayar a kunne har ya yi zafi. Da ya dawo kan layi muryarsa ta canja.

"Harshensa ya yi toka-toka. Na sa masa iska amma na'urar auna iskar jini da ke yatsansa ta ƙi motsawa. Na ɗebi jininsa, Malama, launin cakulan ne. Nemo mini ƙaninki duk inda yake."

Auta ba waya a hannunsa, tana can ƙulle a leda. Yaya ta kira matarsa.

"Maman Aku, mijinki ya iso gida?"

"A'a, Yaya. Ya dai kira ni da wata lamba, ya ce tun da an ba shi hutun rabin yini shi zai ɗauko Aku daga makaranta. Wai wani abokin aikinsa ya kai masa babur ɗinsa asibiti. Lafiya kuwa? Asibitin me ma?"

Aku 'yarsu ce ɗaya tilo, 'yar aji ɗaya, wadda surutunta ya jawo mata sunan. Kullum in ubanta ya ɗauko ta, a gaba take zama, a kan tanki, tsakanin hannayensa.

"Ki tafi babban asibiti ki jira mu," in ji Yaya. "Zan yi miki bayani."

Ba ta san yadda ta sauko daga bene ba. Ta faɗa mota ta tayar. Lokacin tashin makarantu ne, titi ya cika da motoci da babura da yara masu jakunkuna. Duk babur ɗin da ya gifta sai ta leƙa fuskar mai shi. A wata mahaɗa ta hango mutane sun yi cincirindo a gefen hanya, ta taka birki har na bayanta ya danna mata oda yana zagi. Ashe direbobin tasi biyu ne ke cacar baki a kan karyayyen madubi.

A ƙofar makarantar yara sun kusa ƙarewa. Mai gadi ya san ta.

"Ai yanzun nan suka tafi, Hajiya. Har na tsokane shi na ce Baban Aku yau ko ba a karya ba ne? Sai taka babur yake ƙafarsa na zamewa."

"Ta ina suka bi?"

Ya nuna mata hanyar baya, ta layin makanikai, inda babura ke bi don su kauce wa cunkoso. Hanya ce mai ramuka da manyan motoci ajiye hagu da dama. Ta bi a hankali tana duban kowane lungu da ƙarƙashin kowace mota, bakinta na motsi da addu'ar da ba ta san farkonta ba balle ƙarshenta.

Babur ɗin ta fara gani, jingine a karkace a gaban rumfar wani mai faci. Auta na zaune a kan tsohuwar taya, kansa tsakanin gwiwoyinsa, mai facin na yi masa fifita da kwali. Aku na tsaye rungume da hular kwanon ubanta.

"Gwaggo!" Ta rugo ta ƙanƙame ta. "Baba ya ce titi yana juyawa. Ni kuma na ce masa bakinsa kamar ya sha tawada."

Auta ya ɗago da ƙyar. "Yaya, me ya kawo ki nan? Rana ce kawai ta buge ni."

Ta durƙusa ta kama haɓarsa. "Buɗe bakinka."

Harshensa ya yi launin toka mai duhu, dasashinsa ma haka. Gumi na tsiyaya daga goshinsa, yana haki kamar wanda ya yi tsere. Sai wani wari mai ɗan zaƙi-zaƙi ya daki hancinta, daga ƙasa yake tasowa. Ta dubi ƙafafunsa. Riga da wandon da aka ba shi aro ne, amma takalman nasa ne na aiki, manya na fata, kuma fatar ta yi duhu da danshi.

"Auta! Da su aka zuba maka abin?"

"Sababbi ne, Yaya. An ce in bar su, na faki ido na mayar. Da me zan tuƙa babur?"

Ba ta da lokacin faɗa. Ta ce wa mai faci ya ba ta leda, ta zura hannayenta ciki, ta kwance igiyoyin ta zare takalman. Safarsa ta jiƙe sharkaf, ta rine. Tun safe ƙafafunsa ke jiƙe a cikin abin, cikin zafi da gumi. Mai faci ya kawo jarkar ruwa da sabulun wanke hannunsa, ta wanke ƙafafun har idon sawu, ta sake wankewa. Ta ƙulle takalman da safar a leda biyu.

"Malam, kada ka taɓa inda ruwan nan ya kwanta, kada ka bar yaro ya taka. Zan sa a zo a kwashe."

Sai ta tuna da Aku. Ta juya ta kama hannayen yarinyar tana jujjuyawa, ta shinshina, ta duba ƙafafunta da kayan makarantarta. "Kin taɓa takalmin Baba? Faɗa mini gaskiya." Yarinyar ta girgiza kai, idanunta sun ciko. Duk da haka Yaya ta wanke mata hannu da sauran ruwan.

Mai faci da wani makaniki suka kama Auta suka kwantar da shi a kujerar baya. A hanya Yaya ta yi ta kiran sunansa tana tambayarsa abubuwan banza, sunan manajansu, launin ƙofar gidansu, don dai ta ji yana amsawa. Da farko yana amsawa har da tsokana. Daga baya amsar ta koma "uhm". Aku, wadda ba a taɓa jin bakinta ya huta ba, ta juya a kujerar gaba tana kallon ubanta ba ta ce uffan ba.

A asibiti suka tarar da Maman Aku a ƙofa. Tana ganin an fito da mijinta ba takalmi, kansa na lilo, ta ɗora hannu a ka. Yaya ta tura mata yarinyar ta bi gadon da gudu.

Dogo na kwance a gadon kusa, abin shaƙar iska a fuskarsa. Likita ya ce an yi masa wata allura mai launin shuɗi wadda ke gyara irin wannan ɓacin jini, kuma har launin bakinsa ya fara dawowa. Ya duba Auta, ya ɗebi jininsa ya ɗaga a haske, ya girgiza kai.

"Nasa ya fi muni."

"Takalmansa ne. Bai cire ba."

Likita ya zuƙi maganin shuɗin a sirinji. Har ya kama hannun Auta sai ya dakata ya dubi Yaya.

"Akwai maganin da ya taɓa ba shi matsala? Wasu mutane ana haifarsu da jinin da ba ya jure wasu magunguna. In yana cikinsu, wannan allurar ba za ta yi masa aiki ba, kuma tana iya farfasa masa jinin. Akwai gwaji, amma sakamakonsa ba zai fito yau ba."

Yaya ta lalubi ƙwaƙwalwarta ba ta samu komai ba. Lokacin ƙuruciyar Auta tana makarantar kwana. Mutum ɗaya ce za ta sani, ita ce kuma wadda aka ce kada a gaya wa.

Inna ta ɗauka tun ƙarar farko. "Ke da ba kya kira da rana. Me ya faru?"

"Inna, tambaya zan yi miki, ki natsu ki ba ni amsa. Auta yana ƙarami, an taɓa ba shi magani ya ƙi shi?"

"Me ya samu Autana?"

"Yana asibiti, ina tare da shi, likita na tsaye. Don Allah, Inna, amsar nake so."

Tsohuwar ta ce, "Akwai wani zazzaɓi da ya yi kafin ya shiga makaranta. Aka ba shi wasu ƙwayoyi, sai fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, idanunsa suka yi rawaya. Har ƙarin jini aka yi masa. Suka ce kada a ƙara ba shi irinsu. Sunan maganin ne ban riƙe ba. Wane asibiti ne? Ke, wane asibiti?"

Likita ya ji komai, don Yaya ta buɗe muryar wayar. Ya ajiye sirinjin a kan tire.

Yaya ta bi sirinjin da kallo. Ga maganin da ya tashi Dogo, a ajiye kusa da hannun ƙaninta, kuma ba halin a ba shi.

"Sai mu bi doguwar hanya," in ji Likita. "Zan sa masa bitamin C ta jijiya, yana taimakawa amma a hankali. In abin ya ci gaba da hawa, sai mun musanya masa jini, mu riƙa zuƙe nasa kaɗan-kaɗan muna sa masa wani. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, yana da nasa haɗarin. Abin da nake so in sani shi ne, ya kai ƙarshen ƙarfinsa ko da saura? Me kwamfutarku ta ce?"

Ta kira Oga. Ya ce ya bi dangin sinadarin da ya samu. A mafi kusa da shi, in ta fata suka shiga, fatar takan riƙe su ta riƙa saki a hankali, don haka ɓacin jinin yakan ci gaba da ƙaruwa ko bayan an wanke. Amma wannan ɗin kansa ba wanda ya taɓa ganin abin da yake yi a jikin mutum sai yau.

Yaya ta kashe wayar. Ɗazu ta faɗi rabin magana an sallami Auta, yanzu kuma duk abin da ta faɗa da shi za a yi aiki a jikinsa.

"Ban sani ba, Likita. Ba wanda ya sani. Danginsa dai sukan ci gaba da hawa, shi kuma ya daɗe da abin a ƙafa. In ni ce, ba zan jira ba."

Likita ya dubi Auta, wanda ya fara fizge abin shaƙar iskar da aka sa masa yana kiran Yaya da Inna. Ya juya ga nas. "A kira ɗakin jini."

A ɗakin jinin irin nasa bai kai yadda ake bukata ba. Yaya ta miƙa hannu aka gwada, ya dace, aka ɗiba. Ta kira mai haɗa sinadaran nan na masana'anta ta faɗa masa halin da ake ciki. Ba a jima ba motar ma'aikata ta tsaya a ƙofar asibiti, maza da mata suka firfito da kayan aikinsu masu ɗigon fenti, suka yi layi suna naɗe hannun riga. Inna ta iso a bayansu da silifa ƙafa ɗaya nata, ɗaya na wani. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a benci ta ɗora Aku a cinya, ta kafa wa ƙofar ɗakin ido.

Kafin a gama tantance jinin Auta ya daina fizge-fizge. Yaya ta fi son fizge-fizgen. Ta kira sunansa a kunne bai motsa ba, ta matse ɗan yatsansa bai janye ba. Nas ta kama kafaɗarta ta fitar da ita.

Ta ƙaramar tagar gilashin ƙofa ta riƙa leƙe. Ta ga ana zuƙo jini mai duhu daga hannu ɗaya, ja yana gangarawa ta ɗayan. Ga jinin da aka ɗiba a jikinta, ga ba ta ci komai ba, amma ta kasa zama. Maman Aku ta zo ta tsaya a gefenta tana tambaya da ido, sai Yaya ta riƙe hannunta kawai. Can Inna ta yi magana daga benci ba tare da ta juyo ba.

"Ke da kika san abin, gaya mini. Zai tashi?"

"Ban sani ba, Inna."

"To," in ji Inna. Ta ci gaba da shafa kan yarinyar.

Rana ta yi sanyi, hasken tagogin baranda ya koma ja, sannan Likita ya fito yana zare safar hannu. Ya ce su shiga biyu-biyu, kada su daɗe.

Idanun Auta a buɗe suke. Yaya ta ɗaga abin shaƙar iskar ta ja leɓensa ƙasa da yatsa. Dasashin ya fara yin ja-ja. Nan ta zame ta zauna a ƙasa, ta jingina kai da ƙarfen gado.

Auta ya dubi Inna, ya motsa baki. Ta sunkuya.

"Ina takalmana?"

"Ka warke tukuna," in ji Inna. "Da su zan dake ka."

Dogo ne ya fara komawa gida. Auta ya ƙara kwanaki, don washegari jinin ya so ya sake ɓaci sai da aka ƙara masa wani. Gwajin da aka aika ya dawo ya tabbatar da maganar Inna. Ko bayan sallama ya daɗe in ya hau matakala sai ya tsaya ya huta, kuma Aku ta ƙi yarda ta ƙara hawa babur, sai dai uwarta ta riƙa kai ta makaranta a ƙafa. Masana'antar ta dakatar da aiki da zuma. Yaya da Oga suka rubuta abin da ya faru da mutanen biyu suka aika wa masu gina manhajojin, don a ƙara shi cikin abin da suke koyo da shi.

Daga baya manajan masana'antar ya roƙi ta zo ta yi wa ma'aikata bayani. A cikin sito aka tara su, don nan ne ke da fili. Ba ta taɓa shiga wurin da ƙaninta ke aiki ba sai ranar. Durorin sun yi layi har kusa da rufi, shuɗi da baƙi da fari, wasu da rubutun harsunan da ba ta iya karantawa. Ta yi musu magana a kan safa da takalmi da ciwon kai da launin harshe. Suka saurara tsit.

Da ta gama, wata mata mai aikin cika gwangwanaye ta ɗaga hannu, ta nuna wani farin duro da ke bayan Yaya.

"Wancan fa? Kullum da shi nake aiki. Shi ma an san halinsa?"

Yaya ta je ta karanta jikinsa. Ba ta san shi ba. Ta karanta na kusa da shi, shi ma haka.

"Zan duba miki," ta ce.

Ta fito da waya ta bi layin tana ɗaukar hoton kowanne, ɗaya hannun a naɗe a ƙirji don kada ya goga da komai. Dogo na biye da ita yana juyo mata waɗanda rubutunsu ke fuskantar bango. A tsakiyar layi na biyu ta ci karo da wani ɗan ruwa kwance a siminti, ta tsaya cak. Dogo ya rantse mata na famfo ne, shi da kansa ya wanke wurin da safe. Ta gyaɗa kai, ta tattare zanenta, ta zagaya ta ɗaya gefen.